Robo iri ɗaya, launi kawai aka sauya, to ina tsadar ta fito?

Abban_Walid: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu sanin kayan wasan nan na robo masu rikiɗa, wanda za ka lanƙwasa ya koma mota ko jirgi. Bara na sai ma yarona ɗaya wajen masu gwanjon kayan wasa a Babbar Kasuwa, jika biyu da rabi, jirgin yaƙi ne ruwan toka da ja, bindiga ɗaya ta ɓace amma sauran lafiya lau. To satin da ya wuce kayan da yayana ya turo daga Amurka suka iso, cikin takalma da riguna sai ga wani jirgin ƙulle a leda, shi kuma shuɗi. Na ɗauko na yaron na jera su bisa tabarma, wallahi abu ɗaya ne, fiffike ɗaya, kai ɗaya, har ramukan da noti ke shiga wuri ɗaya suke, yadda ake sauko da hancin jirgin ya zama ƙirji duk ɗaya. Na kira yaya in yi godiya sai ce min ya yi kar in kuskura in ba yara, wai wanda ya sayar mishi ya ce na taron masu tara irin waɗannan robo ne, ba a taɓa kai shi kanti ba, ƴan kaɗan aka yi. Dala 60 ya biya, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Abin da ban gane ba, in ƙira ɗaya ce, fenti kaɗai aka sauya, ina tsadar ta fito? Ga shi yaron ya riga ya gan shi, tun ranan bai bar ni na huta ba.

KabuKabu227: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa an yi ma yayanka wayo ne kawai. Dala 60 ai ya haura jika talatin, kwana nawa zan yi bisa moto cikin ranar nan kafin in haɗa su? Duk mai sayarwa haka yake cewa, kayana babu irinsu.

Mushe_DanSofo: Abban Walid turo hoto. Amma daga bayaninka na gane su. Mai toka da ja Starscream ne, shuɗin kuma Thundercracker, akwai na ukunsu baƙi da shunayya Skywarp. Kuma wannan ba sabon abu ba ne, da shi aka fara. Kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da Transformers a 1984, amma ba su suka ƙera kayan ba, na kamfanin Takara na Japan ne da ake sayarwa can da sunan Diaclone da Micro Change, suka ɗauko suka raɗa musu sabbin sunaye suka haɗa da katun a talabijin. A shekarar farkon nan jirgi ɗaya ne, samfurin F-15, aka fito da shi launi uku aka ce mutum uku ne, kowa da halinsa a cikin labarin. Haka Ironhide da Ratchet ƙaramar bas ɗaya ce ta Nissan, ɗaya ja, ɗaya fara aka mai da ita motar asibiti. Ultra Magnus na 1986 ma in ka cire mishi sulke kan motar Optimus Prime, jarumin labarin, ne aka yi shi fari.

Injiniya_Roba: Gyara kaɗan ga mai tambaya. Ba fenti kaɗai ba ne. Na yi shekaru a masana'antar roba a Kano muna zuba bokiti da kujeru, aikin iri ɗaya ne sai dai nasu ya fi ƙanƙanta da tsafta. Shuɗin da kake gani a jikin jirgin yawancinsa ba shafawa aka yi ba, tun robar tana ƙwaya kamar shinkafa ake gauraya ta da launi, a narka, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mul na ƙarfe, wato mazubin da ke fitar da siffar, ta huce a buɗe. Kankare wani ɓoyayyen wuri da farce ka gani, har ciki shuɗi ne. Fentin gaske ɗan kaɗan ne, fuska, ido, layin fiffike, da tambarin da ake bugawa kamar hatimi. Shi mul ɗin nan shi ne uwar kuɗi, ƙarfe ne mai tauri ake sassaƙa shi watanni, kuma robo ɗaya ba mul ɗaya yake ci ba tunda gaɓoɓinsa da yawa. Wanda ya kashe wannan kuɗi ba zai zuba launi ɗaya ya ajiye ba, sai ya tatse shi.

Abban_Walid: Injiniya na gode, na duba cikin ƙafar haka ne shuɗi ne har ciki. Amma maganarka ai ta ƙara ɗaure min kai. In an riga an mai da kuɗin mul da jan, ai kamata ya yi shuɗin ya fi araha.

Injiniya_Roba: A'a yaya, ka tambayi mai buga kati ko mai buga riguna. Wanda ya ce a buga mishi ɗari da wanda ya ce dubu goma kuɗin guda ɗaya ba ya zuwa daidai. Kafin a zuba sabon launi sai an tsai da inji, a sauke mul ɗin da ke kai, a ɗora wannan, a wanke bututun daga tsohuwar roba, na farko-farko duk su fito dabbare-dabbare a zubar. Sannan a yanka sabbin marufan da ake rufe jiki da su wajen fesa fenti, a zana sabon kwali. Wannan wahalar ɗaya ce ko guda dubu za ka yi ko dubu ɗari, to in kaɗan ne kowane guda kasonsa ya yi nauyi. Wannan shi ne tsadar farko. Tsadar da ke zuwa daga baya in an sayar sun ƙare kuma, wannan ba ta masana'anta ba ce, ta mutane ce.

Hajiya_MaiAtamfa: Ni ban san robo ba amma maganar nan tamu ce ta ƴan zane. Zane ɗaya ne kamfani zai buga da kala biyar, sai ka ga wata kalar ta ƙare cikin sati, wata ta shekara a shago tana shan ƙura. Kuma ku dubi zanen 13 ga Mayu na ranar matan Nijar, yadin ai ba wani na daban ba ne, amma na shekarar ne, in ta wuce ba a sake bugawa. Ina da wata ƙawa da ke ajiye turmi ɗaya duk shekara ba ta ɗinkawa, uwarta tana cikin matan da suka fito zanga-zangar 1991 a Yamai. Je ka ce mata ai yadi ne kawai ka ji amsar da za ta ba ka.

KabuKabu227: Hajiya zane ai ana ɗaurawa, yana rufa asiri. Wannan fa cewa aka yi kar ma a taɓa.

Hajiya_MaiAtamfa: Ɗana ka taɓa shiga ɗakin kakarka ka ga jere? Kwalla da langa da samira tun daga ƙasa har rufi, saiti-saiti, wannan mai fure ja wannan mai shuɗi, duk ƙira ɗaya. Ko sau ɗaya ba a zuba musu tuwo ba. Ana saukewa a goge a mayar, kuma in matsi ya zo a ɗauki saiti a sayar a fita kunya. Kowane zamani da jerensa.

Baƙo_Indiana: Slm jama'a, sai yanzu na taso aiki. Wannan magana ta zo inda nake don na taɓa zuwa taron da ake faɗi. Sunansa BotCon, wasu ƴan uwa biyu Jon da Karl Hartman suka fara shi a 1994 a garin Fort Wayne, nan jihar da nake zaune. Robon farko da suka bayar Breakdown ne, wanda kamfani ya riga ya shirya amma bai kai kasuwa ba. Daga nan ya zama al'ada duk shekara sai an yi na taron. Daga 2005 zuwa 2016 wani kamfani Fun Publications ne ke shiryawa da izinin Hasbro, su ne suka riƙa yin saiti guda a babban kwali da littafin zanen labarinsu. Ni na 2016 na je a Louisville, tafiyar kamar awa biyu daga gidana, wani abokin aikina bature ya ja ni. Abin da na gani ya sauya min tunani. Ba yara ba ne, magidanta ne masu furfura, wasu da ƴaƴansu a kafaɗa, sun tsaya layi tun da safe kowa da katinsa rataye a wuya. Na kusa da ni ya karɓi kwalinsa ya koma gefe ya zauna a ƙasa ya buɗe a hankali, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Daga baya muna hira ya ce min shi da ƙanensa suke zuwa duk shekara, ƙanen ya rasu, shi ne ya zo shi kaɗai. To wannan mutum kai ka ce mishi launi ya saya? Sannan ka lissafa, kafin kwalin ya shigo hannunka ka biya rajista, ka biya mota ko jirgi, ka biya otal na kwanaki. Wanda bai je ba in yana so sai ya saya wajen wanda ya je, shi kuma zai ɗora duk wannan a kai. Akwai kuma babban taron San Diego da ake yi a Yuli, shi ma Hasbro na kai nasu na musamman, can cunkoson ya fi.

Mushe_DanSofo: Madalla da Baƙo. To ga inda maganar Abban Walid take. A 2006 an sake ƙera Starscream sabo a jerin da ake kira Classics, kuma bisa hoton da ka turo min ta gefe shi ne na yaronka. A 2007 taron BotCon da aka yi a Providence ya ɗauki wannan ƙira ya fitar da Thundercracker da Thrust da Dirge cikin saitinsa. Mutane da yawa ransu ya ɓaci, don waɗannan ba baƙin sunaye ba ne, tun yarinta aka san su, mutum ya sai Starscream a kanti yana jiran ƴan uwansa sai aka ce sai wanda ya je taro. Daga baya Takara Tomy suka yi nasu a Japan a jerin Henkei, sannan Hasbro da kansu suka kai Thrust da Dirge kanti a 2010, Thundercracker a 2011. Sai kuma waɗanda suka biya tsada suka koma su ne masu fushi. Kenan shuɗin jirgi mai wannan ƙira yana iya zama na taro, ko na Japan, ko na kanti.

Ɗan_Gwanzu: Ko kuma jabu Mushe, ka manta na huɗu. Ni ina zuwa Chana sarin kaya, kayan wasa yawancinsu daga wajen Shantou suke fitowa, unguwar Chenghai, gari guda aikinsu kenan. Akwai masu ɗaukar na asali su kwafe shi tsaf su zuba da kowane launi aka ce yana tsada, kuma jiragen nan an san an kwafe su. Ni kaina an taɓa haɗa min katon uku na wasu robo masu zama mota, a hoto ba ka da abin cewa, da suka iso Maradi na buɗe ɗaya hannun ya zare tun juyi na biyu, roba kamar biskit. Asara na yi sosai a wannan tafiya, sai rabin kuɗi na zubar da su kafin sallah. Abin da nake dubawa yanzu: gefen roba in yana da ɓaraguzai masu kaifi da ba a share ba, gaɓa in ta yi lakwaf ko ta ƙi motsi gaba ɗaya, fentin ido in ya zarce layi, rubutun jiki in ya dushe kamar an shafe, sai warin roba mai hawa kai.

Abban_Walid: Na kunna tocilan na duba, akwai ɗan rubutu a jiki ƙanana sosai, na ga 2006 da sunan kamfani. Kenan ba na 2007 ba ne? Kuma ba shi da kwali, leda ce kawai.

Injiniya_Roba: Shekarar a jikin mul aka sassaƙa ta, duk abin da aka zuba a ciki da ita zai fito ko bayan shekara nawa ne. Duba na yaronka za ka ga ita ce. Ba ta tabbatar ba kuma ba ta ƙaryata ba.

Baƙo_Indiana: Rashin kwali ma ba hujja ba ce, don a lokacin ana sayar da saitin iri biyu, mai kwali da wanda ake ba ka a leda. Ka tambayi yayanka ko an haɗa mishi da ɗan katin da ke bayanin robon. In bindigoginsa masu ƙyalli ne kamar bambar mota to ka fi karkata ga na Japan, su ke son wannan ƙyallin. Sai dai gaskiya dala 60 ta yi min araha in na taron ne cikakke, ko mai shi bai san darajarsa ba ko kuma ba shi ba ne.

ƊanTibiri: Ku ƴan Maradi kuna mamakin launi ya ƙara ma abu kuɗi? Ku da anka san ku da jar akuya duniya duka. Kai akuya biyu kasuwa girma guda, wagga ja zur wagga mai dabbare, ka ga wadda za a fara tayawa. Ga masu tattabaru nan, tsuntsu guda na amma don zanen fiffike sai ka ji kuɗin da ba ka zata ba.

Likitan_Dabba: Ɗan Tibiri misalinka ya yi rabi. Jan akuyarmu ba ado ba ne kawai, alama ce ta iri, mai saye ya san tana yawan haifar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma masu jima har ƙasashen waje suna nemanta. Launin yana nuna wani abu da ke cikin jini. Shi jirgin nan shuɗinsa me yake nunawa a ciki? Na tattabaru dai na yarda, wannan sha'awa ce zalla.

ƊanTibiri: Likita to ai sha'awa ma kuɗi gare ta.

MaiFenti_Garaji: Abban Walid in shuɗi yaro yake so abu mai sauƙi, samo wani na gwanjo ka kawo min garaji in fesa mishi. Amma in gaya muku gaskiya aikin nan ya fi na mota wuya. Na farkon da na yi na ɗan ƙanwata ne, na fesa fentin mota kai tsaye da tina mai ƙarfi, ina kallo roba ta fara yamutsewa kamar fatar tsoho, ƙofar ta manne da hannu, yaron ya yi kuka har na rasa inda zan sa kaina, sai da na sai mishi wani. Yanzu sai na kwance noti duka na jera gaɓoɓi a faranti, in wanke da omo, in ɗan goga sanfefa mai laushi, in yi shimfiɗa siririya, sannan launi sau uku daga nesa ina bari yana bushewa. Inda gaɓa ke gogar gaɓa ba na sa komai, don in ka sa juyi ɗaya zai kware. Shi ya sa na yarda da Injiniya, wanda aka zuba da launinsa daban yake, sau dubu ka juya ba ya canzawa.

Baƙo_Indiana: Mai Fenti abin da kake yi can ma sana'a ce, har aji ake buɗewa a taron, ka biya a ba ka robo a warwatse ka haɗa ka fente da hannunka. Sharaɗi ɗaya ne tsakanin masu tarawa, in za ka sayar ka faɗa cewa aikin hannunka ne.

Abu_Huzaifa: Ni tsoron da nake ji mana almubazzaranci ne. Muna garin da maƙwabci ke kwana bai ɗora tukunya ba. Kuma a duba hukuncin ajiye mutum-mutumi a ɗaki.

Mushe_DanSofo: Malam nasiharka ta karɓu. Na wasan yara dai ya tabbata Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda tana da ƴan tsana tana wasa da su. Na babba ya jera a kabad kuma a kai ma malamai. Amma bawan Allan nan bai saya ba, kyauta ce daga yayansa.

Admin_Dandali: Dan Allah fatawa a kai majalisin malamai, a nan mu tsaya kan tambayar.

Maman_Ikram: Ni dai yaron nake ji. Shekararsa nawa Abban Walid? An turo kaya daga wajen baffansa, ya ga jirgi irin nasa sak, an ce mishi kar ya taɓa, shi a ransa me zai ɗauka? Ba zai gane taro ko Amurka ba, abin da zai riƙe shi ne akwai abin da babansa ya fi so da shi. Ƴata ta taɓa fasa min kofin da na zo da shi daga gidanmu, na yi mata faɗan da har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, kofin ya tafi, amma ita ta daɗe tana ɗari-ɗari da ni. In mai daraja ne ku zauna tare ka riƙe hannunsa ku juya shi sau ɗaya a hankali sannan a ajiye, ka ce mishi nasa ne in ya girma.

Tsohon_Mokoyo: Maganar Maman Ikram ta tuna min da. Mu da muka tashi motar kara muke yi da ɓargon dawa, daga baya muka koma ta langa-langa da gwangwanin madara, taya kuma a yanko daga tsohon silifa. Kuma wallahi ko a lokacin akwai wannan abu da kuke faɗi. Wani yaro a layinmu babansa mai fentin gida ne, yana samo ragowar kore a murfin kwalba, motarsa irin tamu ce sak amma tasa kaɗai ce koriya, kowa so yake ya ja ta ko daga nan zuwa bakin rijiya. Har goriba muke ba shi. Ranar da babansa ya kawo gwangwani guda ya ce kowa ya shafa, duk muka yi kore, bayan kwana uku babu mai kula ta.

KabuKabu227: Yawwa baba, to ka faɗi abin da ke cina. Shi yaron ba shi ya hana ku fenti ba, babu ne. Su kuma waɗannan mul na hannunsu, roba na hannunsu, suna iya zuba ma kowa amma da gangan suka yi kaɗan don a yi rububi. Mushe da kansa ya ce bayan shekara huɗu sun kai shi kanti. To ashe da ma ana iyawa.

Baƙo_Indiana: Kabu akwai gaskiya a maganarka, kan Thundercracker ɗin nan ni ma ina ganin bai kamata a killace sanannen suna a taro ba. Amma ba duka haka suke ba. A 2008 a Cincinnati sun yi saitin da suka kira Shattered Glass, suka juya labarin baibai, Optimus Prime da kowa ya sani ja da shuɗi mai gaskiya suka yi shi shunayya, gilashin ƙirjinsa kamar ya tsage, ya zama shi ne mugu, su Decepticon, waɗanda da ma su ne mugayen labarin, suka zama mutanen kirki. Wannan a lokacin babu kantin da zai ɗauka, uwa za ta ce wannan ba shi ne wanda ɗana ya gani a talabijin ba. Sai a taro, inda mutane kaɗan da suka san labarin ciki da waje za su gane abin da aka yi. Kuma ya karɓu har daga baya kamfanin ya ci gaba da yin irinsu. Kenan wani lokaci ƙarancin dabarar kasuwa ce, wani lokaci kuma masu son abin ne da ma ba su da yawa.

Injiniya_Roba: Ko na taro ne ko ba shi ba, in za ka ajiye a Maradi ka kula da zafi. Kar ka sa shi kusa da taga ko saman kabad ƙarƙashin kwano, watan Afrilu wurin nan tanda ne. Rana na mai da farar roba ruwan ɗorawa, shuɗi kuma ya koma kamar kore-kore. Ledar da ya zo ciki ma cire shi, naɗe shi a tsohon farin ƙyalle ka sa a kwali ƙasan gado, kar ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi don tana narkewa ta manne. Masu tarawa sun san wata matsala ta robar ruwan zinare ta wajen ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, da ta tsufa sai ta riƙa marmashewa ko a kwali take. Naku ba ya ciki, amma kowace roba tana tsufa.

Hajiya_MaiAtamfa: Ni tambayata, in ma ya tabbata na taron ne, wa zai saya a nan? Turmin da ke tsada a Kwatano in ka kai ƙauyen da ba a san shi ba kuɗin yadi za a taya. Darajar irin wannan kaya tana wajen waɗanda suka san shi, kuma suna can, kai kana nan.

Ɗan_Gwanzu: Hajiya ta gama magana. In sayarwa ce da can ya bar shi, kuɗin mayar da shi kaɗai ya cinye ribar.

Abban_Walid: Jama'a na gode ƙwarai, na karanta duka har sau biyu. Walid shekararsa bakwai Maman Ikram. Jiya bayan isha na yi yadda kika ce, muka shimfiɗa darduma na ɗora hannuna kan nasa, ashe ya fi ni sanin hanya tunda ya saba da jan, shi ke ce min Abba ba nan ba, fara ɗaga fiffike. Gaɓoɓin sun yi tsam-tsam suna ɗan ƙara in sun shiga wurinsu, babu kaifi a gefe, babu wari, bindigogin kuma ba masu ƙyalli ba ne. Da ya tsaya da ƙafafunsa ya ɗauko jan ya jera su ya ce wa da ƙane ne, kamar ni da baffa. Na kira yaya na gaya mishi, ya yi shiru sannan ya ce shi ma ba don sayarwa ya saya ba, ya tuna lokacin da muke leƙen katun ta tagar maƙwabta ne. Kati kuma ya ce bai tuna an ba shi ba, zai duba cikin mota. Har yanzu dai ban san ko na taro ne ko na 2011 ba.

Mushe_DanSofo: Hoton da ka turo da dare ne, shuɗin ya yi duhu ba na iya rabewa. Gobe ka fitar da shi inuwa da hantsi ka ɗauki saman fiffike da bindigogin da kyau, ni da Baƙo mu gwada da hotunan kowannensu.

KabuKabu227: Ni dai har yanzu jika talatin ɗin nan ba ta kwanta min ba. Amma Allah ya raya Walid.

MaiFenti_Garaji: Amin. Abban Walid bindigar jan da ka ce ta ɓace, kawo min ɗayar ranar Asabar in gwada zuba mishi irinta da garin gam, sai dai ba za ta harba ba. Kuma wanda ya ga baƙin mai shunayya a gwanjo ya yi min magana, ɗan ƙanwata ya ji ana cewa su uku ne.